Gaisuwar Kofur Haladu

Ku yaran nan na shagon kwamfuta, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar kasuwa. Da kunnena na ji, ba tsegumi aka kawo mini ba. Wai aikin Malam Isiyaku ai buga takarda ne kawai, wai shi mai maganar in aka ba shi waya zai gama koken tsohon soja kafin shayinsa ya huce. To madalla. Ku ja bencin nan ku zauna, amma ku bar wancan mai dogayen ƙafafu, na masu ciwon gwiwa ne. Tunda kun ce ku ma za ku fara karɓar aikin ɗaukaka ƙara, gara ku ji abin da ke ciki tun kafin ku jefa wani dattijo a rami.

Ni ban taɓa sa kakin soja ba. A Karaye na koyi sana'ar nan, wajen marigayi Saje Tanko, Allah ya jiƙansa. Akawu ne a bariki, da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a gindin darbejiya yana rubuta wa tsofaffin sojoji koke. Na je masa ina ɗokin tafireta, irin ɗokin da kuke yi wa na'urorinku. Mutumin nan ya hana ni taɓa ta har damina ta zo ta wuce. Abin da ya sa ni yi shi ne in zauna in zuba wa hanya ido. In ɗan acaɓa ya sauke mutum, sai Saje ya ce, "Isiyaku, wace ƙafa ya fara saukewa? Ina ya dafa? Da ya zo zama, zama ya yi ko faɗawa ya yi?" In na ce ban lura ba, sai in ji rula a bayan hannuna. Yakan ce kafin mutum ya iso teburin nan ya riga ya faɗi rabin ƙararsa, sauran rabin kuma ba zai faɗa ba sai an tatsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Ga tafireta can a lulluɓe, ta yi ritaya ita ma, shi ya sa kuke ganina a shagonku ina biyan ku kuna yi mini kuskure. Akwai tef ɗin tela na auna kumburin gwiwa. Akwai taga, don a rana nake ɗaga hoton ƙashi in duba. Bencin nan da na hana ku, sai da na yi faɗa da kafinta kafin ya yarda ya ƙara masa tsawo, yana ce mini ba a yin benci haka. Na ce masa wanda zai zauna a kai in ya yi ƙasa ba zai iya tashi ba. Babban kayan aikin kuwa takalmina ne, domin ba na rubuta ciwon mutum ban ga ƙofar gidansa ba.

Ciwon da ya fi kawo mini mutane shi ne wanda muke kira sanyin ƙashi. Tsakanin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi, shi ke hana su haɗuwa. In ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, kuma ba ya dawowa, kullum gaba abin yake yi. Mutum ya yi ƙuruciyarsa yana dirowa daga babbar mota da akwatin harsashi a ka, yana tafiyar ƙasa da kaya kamar jaki, yana kwana cikin laima a ƙasar da bai san sunan garuruwanta ba. In ya nemi kuɗin naƙasa da doka ta ce a ba shi, amsar da suka fi so ita ce wai tsufa ne. Tsufa ne? Yayansa da ya zauna gida yana noma, ya girme shi nesa, yana nan yana tuƙa keke daga Rogo zuwa Karaye. Wannan tsufan ya tsallake babba ya kama ƙarami ke nan. Ni abin nan har yau in na ji shi raina ɓaci yake yi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka kira tsofaffin sojoji duka birni, wai kowa ya kawo kansa a gan shi. Tsakiyar damina ce, hanya ta lalace. Muka cika mota da tsofaffi, muka je muka tarar likitocin a saman bene suke zaune. Ku saurara da kyau. Wanda ya cije ya hau, aka rubuta lafiyarsa ƙalau tunda ya hau bene. Wanda ya kasa hawa, aka rubuta bai zo ba. Kusan duk ƙararrakin da ke hannunmu a shekarar nan suka zube. Mutane suka daina zuwa teburinmu, wasu har cewa suke mun ci kuɗin mota mun kai su an yi musu dariya. Saje Tanko bai ga wata daminar ba. Ni kuma na ɗauki tafiretarsa na dawo nan Rogo, na daɗe ina rubuta takardun sayen fili da na haya kafin wani tsohon soja ya sake yarda ya zauna a gabana.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Kofur Haladu, mutumin Jajaye, wanda yake ce mini Akawu. Ya zo mini da rani, dogo ne, siriri, riga a wanke a goge, hula zaune daram. Ɗan acaɓa ya sauke shi, na ga ya ɗago ƙafar dama da hannuwa biyu ya ajiye ta ƙasa kamar ba tasa ba. Tun daga nan na san abin da ke tafe da shi. Ya je gaban likita a birni, an yarda ciwon a bakin aiki ya samo asali, domin an san ya taɓa faɗowa daga mota, amma an ce naƙasar ba ta kai a biya shi ba. An ba shi damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya. In ta faɗi, shi ke nan.

Abin da ke kan wannan damar kuwa gona ce. Gonar gado ce, ita kaɗai ta rage masa. Ɗansa namiji ya rasu ya bar masa marayu, shi kuma ba ya iya sunkuyawa ya yi noma, sai ya ɗauki 'yan ƙwadago, ga magani kullum. Ya jinginar da gonar wajen wani ɗan kasuwar hatsi, ɗan kasuwar kuma ya ce da kaka ko a fanshe ta ko a sayar masa gaba ɗaya. In kuɗin naƙasa ya fito, gona ta tsira. In bai fito ba, marayun nan sun tashi ba su da inda za su shuka ko dawar kwano ɗaya.

Na ɗaga hoton ƙashinsa a taga. Wallahi ko makaho ya shafa ya san gwiwar nan ta ƙare. Na ce to me likitan ya gani? Na tambaye shi, ya ce shi dai an duba shi an sallame shi. Ku a nan ne za ku buɗe kwamfuta ku zuba Turanci. Ni na ce masa jibi ina nan tafe Jajaye.

Na iske shi za shi gaida malamin unguwarsu, wani dattijo mai makarantar allo, sai na bi shi. Da muka isa zaure, Kofur ya tuɓe takalma, ya jingine sandarsa a jikin bango a waje, ya miƙe ƙirji ya shiga ba ɗingishi. Ina kallo ya sulale ƙasa ya tsuguna, cikakken tsuguno, ya gai da malam. Malam ya ce, "Kofur, yaya ƙafa?" Ya ce, "Da sauƙi, Allah gafarta malam, alhamdulillahi." Aka yi addu'a aka shafa. Sai da malam ya juya yana magana da wani, sannan Kofur ya lallaɓa ya kama bakin ƙofa, ya ja jikinsa sama a hankali, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Bai yi ko tari ba.

Da muka fito na ce, "Baba Kofur, haka ka gai da likitan birni?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana salla. Ya ce, "To da yaya zan gaishe shi? Manjo ne fa."

"Ina sandarka a lokacin?"

"Tana waje tare da takalma. Ana shiga gaban babba da sanda, Akawu? Faɗa na je yi?"

"Da ya tambaye ka jiki fa?"

"Na ce da sauƙi."

"Da za ka tashi, ya gan ka?"

Ya ce, "Rubutu yake yi. Na kama teburinsa na miƙe kafin ya ɗago." Kuma ya faɗe ta da alfahari, kamar wanda ya ci jarrabawa.

Kun gani ko? Likitan nan ba mutumin ƙasar Hausa ba ne, bai san gaisuwa ake yi masa ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Laifinsa shi ne da bai ɗaga kai ba. Ya ga dattijo ya shigo ba sanda, ya tsuguna har ƙasa ba a ce ya yi ba, ya ce da bakinsa ya samu sauƙi. Ladabin da iyayensa suka koya masa da dauriyar da bariki ta koya masa, su suka haɗu suka ba da shaida a kansa.

Matarsa, Baba Hansai, ita ta ba ni sauran labarin daga bayan labule, shi kuma yana ta gyaran murya don ta yi shiru. Ta ce da asuba sai ta gasa masa gwiwa da ruwan zafi kafin ya iya taka ƙasa. Ta ce ta sa an kafa masa turke a banɗaki don ya riƙa kamawa. Ta ce a gida a zaune yake salla, amma a masallaci ya ƙi kujera, sai ya maƙale a ƙarshen sahu jikin bango don kada a ga yadda yake tashi daga sujada. Ya ce, "Ke dai kin cika surutu." Ta ce, "Shirunka ne zai cinye gonar yaran nan, Malam." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk na rubuta, na haɗa da awon gwiwa da shaidar limaminsu, na aika.

Takarda ba ta isa ba, domin za su sake ganinsa ido da ido. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk ranar kasuwa sai ya zo nan mu yi gwaji. Ni ne likita, wannan ƙofar ita ce tasu. In ce, "Shigo da sandarka." Ya shigo da ita yana ɓoye ta a bayan riga. In ce, "Yaya jiki?" Ya ce da sauƙi. In ce, "Ka ce yana ciwo, ba ka barci, ba ka noma." Ya ce, "Akawu, wannan ai butulci ne ga Allah. Wani ƙafar ma ba shi da ita. Abokaina nawa aka binne a can ko likkafani babu?" Na kai shi wajen malaminsu, malam ya ce masa faɗa wa likita gaskiyar ciwo ba kai ƙarar Ubangiji ba ne. Ya amsa da to. Muka yi ta yi har ya iya, yana faɗa yana kallon ƙasa kamar an sa shi zagin uwarsa.

Ranar ta zo. An yarda in shiga tare da shi a matsayin tafinta. Tun daga tashar Rogo ni nake riƙe shi, in zai hau mota ya miƙo hannu in ja, in zai sauka ya miƙo in tare. Har ya saba, ba ya ko dubana, hannun kawai yake miƙowa. A bakin ƙofa na ce, "Baba Kofur, ka tuna gona." Ya ce ya tuna.

Muka shiga. Likitoci uku ne a bayan tebur, na tsakiya Kanar ne mai furfura, yana jin Hausa. Da idon Kofur ya sauka a kan alamar muƙamin da ke kafaɗar mutumin nan, na ga bayansa ya miƙe. Na san an gama. Ya jingine sanda a bango, ya taka zuwa tsakiyar ɗaki, ya sulale ƙasa.

"Ranka ya daɗe."

Kanar ya ce, "Sannu Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdulillahi."

Hali zanen dutse. Na ga alƙalamin na gefen hagu ya fara tafiya, kawunansu duka suka sunkuya kan takarda. Kofur ya saci kallonsu, ya ga ba mai ganinsa, sai ya miƙo mini hannu ta ƙarƙashin hannun riga, a ɓoye, yadda ya saba.

Na mayar da hannuwana baya na haɗe su.

Wani ma'aikacin jinya ya taso zai kama shi, na tare gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi. Wancan karon an rubuta saukarsa. Ina roƙon yau a ɗaga kai a ga tashinsa."

Kanar ya ɗago ya dube ni, ya dubi Kofur, ya ajiye alƙalami. Ya yi wa ma'aikacin alama ya koma.

Tebur ya yi nisa, bango ya yi nisa, sanda tana can. Kofur ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya yunƙura, gwiwar dama ta yi ƙara kamar an taka busasshen ɓawon gyaɗa, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Gumi ya keto masa, hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya durƙusa da hannuwa da gwiwoyi, dattijo mai jikoki, ya fara jan jiki wajen bango. A tsakiyar hanya ya tsaya, ya ce, "Akawu." Ni kuwa na kafa ido a kan agogon bango, ban motsa ba. Ya ɗaga ƙafar hagu zai kafa ta, ta ƙi ɗaukarsa, ya kife ta gefe.

Kanar ya ce, "Ya isa." Da kansa ya zagayo, shi da ma'aikacin suka ɗaga shi suka ɗora a kujera. Abin da Kofur ya fara nema hularsa ce. Daga nan suka duba gwiwar da gaske, suka lanƙwasa, suka auna, suka yi tambayoyi. Ya amsa kowace da gaskiya, da murya ƙasa ƙasa, don babu sauran abin ɓoyewa.

Muka kamo hanyar Rogo. Da muka tsaya a tasha na miƙa masa hannu, ya dubi hannun, ya kira wani ɗan acaɓa ya ce ya zo ya sauke shi.

Amsa ta zo kafin a cire gyaɗa. An yarda da naƙasarsa, an biya shi har da na baya. Ya fanshi gonar, ɗan kasuwar hatsi ya koma neman wata. Baba Hansai ta aiko mini da gyaɗa da saƙon godiya. Shi bai zo ba, bai aiko ba. Labari ya zaga, har limaminsu ya tare ni ya ce, "Malam Isiyaku, an ce ka bar dattijo yana rarrafe a gaban mutane." Na ce, "An faɗi gaskiya, Allah gafarta malam. Amma a je a tambayi waɗanda ba sa yarda da hoton ƙashi, ba sa yarda da shaidarka, ba sa yarda da matar da ke gasa masa gwiwa, sai sun ga mutum a ƙasa." Mutum ya ba su ƙuruciyarsa da ƙafafunsa, sannan sai ya ƙara musu da mutuncinsa kafin su ba shi haƙƙinsa. Kuma in yau aka sake kawo mini irinsa, hannuna baya zan mayar, ina yi ina tsine wa tsarin da ya sa ni.

To ku da za ku gama kafin shayi ya huce, wannan ne aikin. Wanda zai iya tsayawa a ɗakin nan ya riƙe hannunsa, ya zo gobe in fara koya masa kallon hanya. Wanda ba zai iya ba, ya ci gaba da buga katin biki, ba abin kunya ba ne.

Kofur Haladu yana nan da ransa. Bai sake zama a bencin nan ba. Kwanakin baya na yi kiciɓis da shi a layin 'yan hatsi, ya kawo dawar gonarsa, yana dogara sanda a fili kowa na gani. Ba hanyar kaucewa, sai na gaishe shi, ya amsa. Bakina ya riga ni, na ce, "Baba Kofur, yaya ƙafa?"

Ya tsaya ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Wace amsa kake so, Akawu? Ta hukuma ko ta Musulmi?"

Na ce, "Ta Musulmi."

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ya gyara riƙon sandarsa ya wuce.